Ina Launin Masara Yake Zaune? Amsoshin Wasiƙun Masu Karatu

Tun bayan kaka wasiƙun da suke shigo wa wannan fili a kan masara suka ƙaru, kuma da yawa daga cikinsu a kan launi suke magana, wasu cikin sha'awa, wasu cikin fargaba. Na zaɓi guda shida, na taƙaita su saboda ƙarancin wuri. Sai dai a lura da cewa abin da ake kira jar masara a kasuwannin Dawanau da Giwa da Dandume rawaya ce, wadda masu kiwon kaji suke nema. A nan idan na ce ja, ina nufin ja kamar busasshen barkono, rawaya kuma zan kira ta da sunanta.

Wani manomi daga yankin Saminaka ya rubuto: Assalamu alaikum. Bana na sayi irin farar masara na shuka kadada ɗaya, amma da muka zo ɓarewa sai na tarar goyo da dama, musamman na kunyoyin gefen gabas, sun fito da ƙwayoyi rawaya jefi-jefi a cikin farare, har da wasu ƙalilan masu duhu kamar an ɗiga musu shuni. Shin mai sayar da irin ne ya yi mini algus, ko kuwa wata cuta ce ta shiga gonar?

Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka yi saurin ɗora wa mai iri laifi, domin amsar tana cikin wasiƙarka, a inda ka ce abin ya fi yawa a gefen gabas. Da gaurayayyen iri aka sayar maka, da ka ga waɗannan ƙwayoyi a ko'ina cikin gonar, daga tsakiya har gefe. Ka bincika abin da maƙwabcinka na wannan ɓangare ya shuka. Ina kyautata zaton za ka tarar rawaya ce, kuma ta fitar da kai lokaci ɗaya da taka.

Masara tana ɗauke da namiji da mace a jikin kara ɗaya, amma a wurare dabam-dabam. Namijin shi ne furen da ke can ƙololuwa, wanda yake zubar da bununi, wato wannan gari mai kama da ƙura da yake manne wa mutum a riga idan ya ratsa gona da hantsi. Macen kuwa ita ce goyo, kuma kowane silin gemu da ka ga ya leƙo daga bakin goyon yana haɗe ne da ƙwaya guda ɗaya tak a ciki. Goyo mai ƙwaya 500 yana da sili 500, kuma kowane sili sai bununi ya faɗa masa kafin ƙwayarsa ta cika. Iska ce take jigilar bununin, ita kuwa ba ruwanta da iyakar gona. Saboda haka ƙwayoyin da ke jikin totuwa guda uwarsu ɗaya, amma ubanninsu suna iya kai goma ko fiye, kuma wasu daga cikinsu daga gonar maƙwabci suka zo.

Dalilin da ya sa launin uban ya bayyana tun a kakar nan, ba sai an sake shukawa ba, yana cikin tsarin ƙwayar kanta, wadda take da wurare uku da launi yake zama. Akwai ɓawon waje, wanda yake fita a matsayin dusa idan an yi surfe. Shi wannan daga jikin uwa yake, bununi ba ya taɓa shi, shi ya sa masarar da janta yake a ɓawo duk ƙwayoyin goyonta ja suke fitowa, ko wane ne uban. Ƙarƙashin ɓawon akwai wata siririyar fata da masana suke kira aluron, wadda ido ba ya iya raba ta da ɓawon saboda rashin kauri, kuma a nan ne shuɗi da shunayya suka fi zama. Sai kuma cikin ƙwayar, inda garin yake, wanda yake zuwa fari ko rawaya ko ruwan goro. Waɗannan biyun na ciki uwa da uba ne suke haɗuwa su samar da su, kuma rawaya tana rinjayar fari, haka ma shunayya sau da yawa. Idan bununin rawaya ya faɗa wa farar masara, nan take za a gani. Idan na fara ne ya faɗa wa rawaya, da ƙyar mai gona zai lura, don haka mai yiwuwa maƙwabcinka bai ma san cewa shi ma taka ta shiga tasa ba.

Game da ci, babu wata illa ko kaɗan, iyaka dai mai saye a kasuwa yana iya fakewa da gauraye ya rage maka wani abu a buhu. Amma idan kana son tsarkin iri, sai ka nisanta gonar da wata masarar da aƙalla mita 200, masu samar da iri ma sukan kai 400. Inda gonaki suke a cunkushe, kamar yadda suke a yankinku, abin da ya fi sauƙi shi ne ku yi magana da maƙwabcin, ɗaya ya riga ɗaya shuka da mako uku zuwa huɗu, ta yadda kafin ta biyun ta fitar da gemu ta farkon ta gama zubar da bununi. Idan hakan ma ya faskara, ka ɗebi iri daga tsakiyar gona, ka bar kunyoyin gefe su tafi tukunya.

Wata ɗaliba daga Kano ta rubuto: Na ga hoton wata masara a Facebook, ƙwayoyinta suna sheƙi kamar tsakiyar da ake ɗaurawa a wuya, akwai shuɗi da ja da kore da ruwan hoda duk a jiki ɗaya. Yayana ya ce aikin kwamfuta ne, ƙawata kuma ta ce irin wadda aka sauya wa halitta ce a ɗakin gwaje-gwaje. Wane ne mai gaskiya a cikinsu?

Malama, duka biyun ba su yi daidai ba. Masarar da kika gani akwai ta, sunanta Glass Gem, ko da yake masu tallar iri a intanet sukan ƙara wa hoton armashi fiye da yadda abin yake a hannu. Wani manomi ne a jihar Oklahoma ta Amurka mai suna Carl Barnes, wanda yake da jinin ƙabilar Cherokee, ya shafe shekaru yana tattara tsofaffin irin masarar da kakanninsa 'yan asalin ƙasar suke shukawa kafin a raba su da filayensu. Yana shukawa, yana ware goyon da ya fi kyan launi, yana sake shukawa. Daga baya ya ba wani abokinsa, Greg Schoen, wanda ya ci gaba da zaɓen a jihar New Mexico, har irin ya isa hannun wata ƙungiyar adana iri mai suna Native Seeds/SEARCH da ke garin Tucson a jihar Arizona. A shekarar 2012 hoton goyo ɗaya ya bazu a intanet, duniya ta ɗauka. Babu abin da ya shiga aikin sai ido da haƙuri, irin zaɓen da tsofaffinmu suke yi idan sun ware zangarniyar gero mafi kyau sun rataye a rumbu.

Launi a jikin masara ya ma girmi wannan labari nesa ba kusa ba. An fara noma masara ne a kudancin Meziko, a kwarin kogin Balsas, kimanin shekara 9,000 da suka wuce, daga wata ciyawa mai suna tiyosinte, kuma har yau ƙasar tana da dangogin masara na asali kusan 60, baƙa da shuɗiya da ja da mai rodi-rodi. Mu a nan ta iso mana a makare, bayan Turawa sun ƙetara zuwa nahiyar Amurka a ƙarshen ƙarni na 15, kuma masana harshe suna danganta sunanta da Masar, wato dawar Masar, alamar cewa ta hanyar arewa kakanninmu suka san ta. Fara da rawaya su ne suka mamaye kasuwa a baya-bayan nan saboda su kamfanoni da cibiyoyin bincike suka fi mayar da hankali a kansu.

Ƙwayoyin nan masu zane-zane da ɗige-ɗige sun taɓa tayar da ƙura a duniyar ilimi. Wata masaniya Ba'amurkiya, Barbara McClintock, ta zauna tana nazarinsu tun a shekarun 1940, har ta gano cewa akwai wasu gutsattsarin kayan gado da suke tashi daga wani gurbi su koma wani a cikin ƙwayar halitta, idan suka sauka a kan abin da ke samar da launi sai su kashe shi, idan suka tashi sai launin ya dawo, kuma wannan ne yake haifar da zanen. An daɗe ba a ɗauki maganarta da muhimmanci ba, sai a 1983 aka ba ta lambar yabo ta Nobel. Ki gaya wa ƙawarki cewa masarar da aka sauya wa halitta aba ce dabam, kamar TELA da aka amince da fitar da ita a Nijeriya a farkon 2024, ita kuwa don jure tsutsa da ƙarancin ruwan sama aka yi ta, ba don ado ba.

Wani matashi mai noman rani a Kadawa ya rubuto: Ina so in yi odar irin wannan masara mai launi-launi da kuma baƙar masarar Peru daga waje, in shuka kadada biyu, domin na ji an ce tana da tsada. Wace shawara za ka ba ni?

Shawarata, ɗan'uwa, ita ce ka mayar da kadada biyun nan kunya goma tukuna. Iri yana da gida, kuma idan aka raba shi da gidansa ba lallai ba ne ya yi abin da aka san shi da shi. Masarar Oklahoma da Arizona ta saba da yini mai tsawon awa 14 ko fiye a lokacin nomanta, mu kuwa a Kano yininmu ba ya kai awa 13 ko a tsakiyar damina. Gajeren yini da zafi sukan sa irin waɗannan su yi saurin fitar da kai tun karan bai yi tsawo ba, sai a samu ɗan ƙaramin goyo. Ita kuwa ta Peru, wadda suke kira mayis morado, ta fi yin baƙi sosai a kwaruruwan tsaunukan Andes, inda tsayin ƙasa yake haura mita 2,000 kuma dare yake da sanyi. Wanda yake Jos ko Mambila ya fi ka kusa da irin wannan yanayi.

Ba a nan ma gizo yake saƙar ba. Akwai cutar da take zana fararen layuka a ganyen masara ta tsumburar da ita, wadda wani ɗan ƙaramin ƙwaro mai tsalle yake yaɗawa. Cuta ce ta Afirka, masarar Amurka ba ta taɓa haɗuwa da ita ba, don haka ba ta da kariya, alhali irin da cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru suke fitarwa an daɗe da sanya musu juriyarta. Ga wuta-wuta a gonakin tudu, ga kuma tsutsar nan mai cinye zuciyar masara da ta shigo mana a 2016. Sannan doka ba ta yarda a shigo da iri haka kawai a cikin ambulan ba, sai da izinin hukumar killace kayan gona ta ƙasa, wato NAQS, da takardar shaidar lafiyar irin daga ƙasar da ya fito. Wannan ba wahalarwa ba ce kawai, domin ƙwaya ɗaya mai ɗauke da baƙuwar cuta tana iya jawo wa yanki guda asara.

Idan ka samu irin ta halattacciyar hanya, noman rani ya fi dacewa da gwajin, saboda ƙarancin cututtukan ganye da kuma ƙarancin masarar maƙwabta. Ka shuka a cikin Nuwamba domin ta gama fure kafin zafin Maris, wanda yake ƙona bununi ya bar goyo da giɓi. Ka bar santimita 75 tsakanin layi da layi, 25 tsakanin rami da rami, kuma ka shuka a dunƙule, layuka gajeru da yawa gefe da gefe, domin dogon layi guda ɗaya iska takan kwashe bununinsa ta zubar a banza. Taki kuwa kamar na kowace masara ne. Idan ka zo ajiye iri, kada ka ɗauka daga goyo biyu ko uku don sun fi kyau. Masara ba ta son auren dangi na kusa, takan tsumbure bayan 'yan shekaru, saboda haka ka haɗa daga goyo 100 ko fiye idan da hali.

Maganar tsada kuwa, ka fara nemo mai saye kafin ka huɗa. Dillalin hatsi mudu yake aunawa, kuma mai tuwo fara take nema.

Wata uwargida daga Jos ta rubuto: Maigidana ya shuka shuɗiyar masara a bayan gida da irin da wani abokinsa ya ba shi, ta kuma yi kyau. Na kai inji aka surfa aka niƙa, ina ɗokin ganin shuɗin tuwo, sai ga gari ya fito fari-fari mai ɗan duhu kamar an zuba masa toka. Yara suka ƙi ci. Ina launin ya tafi, kuma yaya masu ita suke cin ta?

Hajiya, launin yana cikin dusar da kika ba awaki. Shuɗin yana zaune ne a siririyar fatar nan ta ƙarƙashin ɓawo, cikin ƙwayar kuwa fari ne kamar na kowace farar masara, kuma injin surfe ba ya tsayawa a ɓawo, yakan kankare har fatar da ke bi masa. Wanda yake son launin sai ya haƙura da surfe, ya wanke masarar ya shanya ya niƙa ta ɗungurungum, ya tankaɗe da rariya mai laushi. Tuwon zai ɗan fi kaushi, kuma garin ba ya daɗewa a ajiye saboda man da ke cikin idon ƙwayar, don haka a riƙa niƙa na mako ɗaya ko biyu.

Sinadarin da yake ba da wannan launi sunansa antosayanin, kuma kin san shi farin sani, domin shi ne yake sa zoɓo ya yi ja. Halinsa shi ne sauya kama gwargwadon abin da ya haɗu da shi. Na taɓa gwada wannan a gida da garin da wani malamin gona ya ba ni. Muka dama kunu muka raba a kofi biyu, launinsa a lokacin wani iri ne tsakanin toka da makuba, ba mai jan hankali ba. Aka zuba ruwan tsamiya a kofi na farko, kafin a gama juya ludayi ya koma ruwan hoda mai haske, har ƙaramar 'yata ta ja da baya tana tambaya ko jan alawa aka saka. Na biyun aka ɗiga masa ruwan jar kanwa, sai ya rine ya zama shuɗi mai duhu kamar rigar da ta fito daga karofi. Da aka ƙara kanwar fiye da ƙima sai ya fara komawa kore-kore, ɗanɗanon ma ya ɓaci. Saboda haka kunun tsamiya da koko za su ba ki hoda, kunun kanwa kuma shuɗi, kuma ina ganin ta nan za ki shawo kan yaran. Matan zango a Kumasi da Akara sun daɗe da sanin dangin wannan dabara, domin ganyen jar dawa da 'yar kanwa suke jefawa a tukunyar shinkafa da wake ta fito ja.

Masu ita ma da toka suke aiki. Ƙabilar Hopi ta jihar Arizona, waɗanda shuɗiyar masara take da babban matsayi a bukukuwansu da al'adunsu, suna kwaɓa garinta da ruwan tokar wani ɗan itace na jejinsu, su shafa ƙullun da tafin hannu a kan faffaɗan dutse mai zafi, ya gasu siriri kamar takarda, su naɗe shi. Suna kiran sa piki. A Meziko kuwa ana tafasa ƙwayar ne da farar ƙasa ta girki, kimanin giram 10 ga kilo ɗaya na masara, a bar ta ta kwana a ruwan, da safe a murza a wanke. Wannan yana saɓule ɓawon waje kawai ya bar fatar mai launi, sai a marka ta da danshinta a yi fanke marar mai da suke kira tortiya, ya fito shuɗi. Dabarar tana da wani amfani da ya fi launi, domin tana sakin sinadarin niyasin da ke ɗaure a cikin masara. Turawan da suka kai masara Sifen da Italiya ba su ɗauki dabarar ba, shi ya sa talakawan da suka dogara da ita kaɗai suka yi fama da cutar felagra, mai ɓata fata da kawo gudawa da ruɗewar hankali.

A Peru labarin ya sha bamban, domin tasu launin yana ɓawon waje da kuma totuwa, kuma totuwar ma ta fi ƙwayar rini. Sukan tafasa masarar da totuwarta tare da ɓawon abarba da kirfa da kanumfari, su tace, su sa sukari da lemon tsami, su sha da sanyi. Sunan abin shan chicha morada, kuma duk wadda ta iya haɗa zoɓo ta iya shi. Idan suka kaurara ruwan da garin dankali mai zaƙi sai ya zama wani abin lasa mai suna masamora morada. Gasawa da dafawa ɗanya kuwa, yawancin waɗannan ire-ire ba su kai tamu daɗi ba, kuma launinsu ba ya gama fitowa sai sun bushe. Glass Gem tauri gare ta, gugguru ake yi da ita ko gari, kuma gugguru fari yake fashewa, sai ɗan ɓawon da ke manne a gindinsa ne yake tuna wa mutum launin da.

Wata ma'aikaciyar jinya daga Funtuwa ta rubuto: Ana yaɗawa a WhatsApp cewa baƙar masara tana maganin ciwon sukari da hawan jini da daji. A gefe guda kuma malaman gona suna tallata wata mai ruwan goro suna cewa tana da bitamin. Wacce zan shawarci iyaye mata su nema?

Malama, ki shawarce su da mai ruwan goro ba tare da wani jinkiri ba. Antosayanin abu ne mai amfani a abinci, kuma cin masara da dusarta ya fi cin surfaffiya, amma yawancin abin da ake dogara da shi wajen yaɗa wancan saƙo gwaji ne da aka yi a kan ɓeraye ko a cikin kwalba, kuma baƙar masara sitaci ce kamar kowace masara. Mai ciwon sukari da ya ajiye maganinsa ya koma wa baƙin tuwo ya cuci kansa. Wanda yake son wannan sinadari kuma, ga zoɓo nan a kowace kasuwa, iyaka ya rage sukari.

Mai ruwan goro ita ce a ganina ta fi kowace cancantar shiga gonakinmu, kuma dalilin ya koma ga inda launin yake zaune. Nata yana cikin ƙwayar ne, a jikin garin, saboda haka surfe ba ya kwashe shi. Launin na sinadarin karotin ne, irin na karas da manja da mangwaro, wanda jiki yake mayarwa bitamin A, shi kuwa rashinsa ne yake kawo dundumi da raunin garkuwar jiki ga yara, kamar yadda kika fi ni sani. Farar masara kusan ba ta da shi, rawaya ta yau da kullum tana da kaɗan, abin da bai fi maikrogiram 2 a giram ɗaya ba. Shirin HarvestPlus, mai aikin ƙara wa amfanin gona sinadaran da jiki yake bukata, da abokan aikinsa sun sa wa kansu burin kaiwa maikrogiram 15, ta hanyar auratayyar iri da zaɓe, kuma kashin farko da aka fitar ya tsaya wajen rabin haka. Nijeriya da Zambiya sun fara fitar da irin a 2012, kuma daga cikin na Samaru akwai SAMMAZ 38 da SAMMAZ 39, waɗanda manomi yake iya ajiye irinsu ya sake shukawa. Gwaje-gwajen da aka yi da yara a Zambiya sun nuna cewa cin ta yana ƙara bitamin A a jiki.

Abu biyu za ki ja hankalinsu a kai. Karotin yana raguwa idan masara ta daɗe a ajiye cikin zafi da iska, musamman idan gari ce, don haka a fara cin ta kafin farar masara, a ajiye ta da ƙwayarta a buhun PICS mai leda biyu a ciki. Kuma jiki ya fi ɗaukar sa idan akwai ɗan mai a abincin, ko na miya ko ƙullin gyaɗa a kunu. Inda aka fi samun tirjiya shi ne wajen magidanta da suka saba da farin tuwo, don haka a fara da kokon yara da fate da dambu.

Wani dattijo daga Maraɗi ya rubuto: Jikana ya sayo wata masara mai launin hoda da arha bayan an gama shuka, ya ce ai irin mai launi ce da ake magana. Na hana a niƙa. Na yi daidai?

Baba, ka yi daidai, Allah ya ƙara girma. Abin da ya sayo ragowar irin shuka ne da aka cuɗa da maganin ƙwari da na fumfuna, kuma kamfanoni suna rina shi hoda ko ja ko kore ne da gangan domin kowa ya gane ba na ci ba ne. Wankewa ba ta sa ya halatta ga tukunya, kuma kada a ba kaji ko dabbobi. Gane shi ba wuya. A murza 'yan ƙwayoyi da jiƙaƙƙen farin ƙyalle, idan rini ya fito a jiki kuma ƙwayar ta koma fara ko rawaya, magani ne. Launin halitta yana da sheƙi, a cikin fatar yake, murzawa ba ta fitar da shi.

Akwai kuma launi na uku da ya kamata jikan naka ya sani, wato na fumfuna. Idan aka ga wani gari kore mai ratsin rawaya a tsakanin ƙwayoyi, ko wani abu kamar auduga fari ko hoda da ya manne ƙwayoyin da ɓawo, musamman a bakin goyo inda tsutsa ko tsuntsu ya huda, to a zubar. Koren nan shi ne yake haifar da gubar aflatoksin mai lalata hanta, wadda dafuwa ba ta kashe ta, kuma ita ce ta hallaka mutum 125 a gabashin Kenya a 2004 bayan sun ci masarar da aka ajiye da danshi. Masara mai duhun launi tana ɓoye wannan fiye da fara, don haka tana bukatar a tsince ta da rana a kan faifai. Kafin a zuba kowace iri a buhu, a sa tafi ɗaya na ƙwayar da cokalin busasshen gishiri a busasshiyar kwalba, a rufe a girgiza, a bar ta ɗan lokaci. Idan gishirin ya manne a jikin kwalbar, a mayar da masarar kan tabarma ta ƙara kwana biyu a rana.